Zane yana cikin kile, inji ya ƙi buɗe shi

A yau za mu taɓo wata matsala da ke ci ma mutane kuɗi da lokaci daga Maraɗi har Damagaram, daga Tawa har Yamai. Matsalar ita ce ta zanen da aka yi a kwamfuta, an biya kuɗinshi, an zuba shi cikin ɗan makullin nan na USB da kowa ke kira kile, ko kuma an aiko shi ta salula, amma da aka je inda za a buga shi ko a ɗinka shi sai inji ya ƙi buɗe shi.

Wani zai ce mi ya haɗa mai sai da yadi ko mai sabulu da wannan magana? Ai kusan duk abin da ke ɗauke da suna ko ado a kasuwa yau ta kwamfuta yake bi. Akwai surfanin wuyan riga da ake kira aikin kwamfuta, akwai takardar da mai sabulu ke mannawa a jikin kayanta, da ledar kilishi da ta yaji, da bandarol ɗin ƙofar shago, da katin gayyatar aure, har da rigunan da ƙungiyoyin mata ke bugawa don bikin 13 ga watan Mayu, ranar matan Nijar, wadda ke tuna ma jama'a da jerin gwanon da mata suka yi a Yamai a 1991. Kowane ɗaya daga cikinsu sai an fara zana shi a kwamfuta, a ajiye shi cikin abin da ake kira fayil, masu faransanci su ce fishiye. In fayil ya ƙi buɗuwa aiki ya tsaya, ranar biki kuwa ba ta jiran kowa.

Abin da ya same mu da kanmu

Bara, ana saura kwana 10 a ɗaura auren wata ƙanwarmu, dangi suka yanke shawarar a yi ma maza 12 anko na shadda da surfani iri ɗaya a wuya da aljihu. An ga zanen a hannun wani mai zane a Kano, aka yi ciniki ta salula, aka tura mashi kuɗi. Mu aka ɗora ma nauyin kai zanen shagon wani mai injin surfani a nan Maraɗi.

Ranar farko abin da ya iso ta WhatsApp hoto ne, kyakkyawa ƙwarai. Mai inji ya duba, ya yi murmushi, ya ce mana injinshi ba ya ɗinka hoto. Rana ta biyu aka aiko da fayil na gaske, wanda sunanshi ya ƙare da EMB, amma manhajar da ke cikin kwamfutar shagon, wato lojisiyel ɗin da ake aikin da shi, tsohuwa ce, ta ƙi karɓar shi. Rana ta uku mai zanen ya sake ajiye aikin a matsayin DST. Muka zuba shi cikin sabon kile mai jiga 64 da muka saya takanas don wannan aiki, amma da aka soka shi a jikin inji sai allon ya nuna kamar babu kome a ciki. Sai da yaron shago ya lalubo wani tsohon kile mai jiga 2 daga aljihun tebur aka juye fayil ɗin a ciki, sannan zane ya bayyana.

Kwana 3 ke nan sun tafi, ban da kuɗin kabu-kabu da na kiran waya, kuma duk cikinmu babu wanda ya cuci wani. Rashin sani ne kawai, kuma kowace matsala daga cikin ukun nan tana da magani mai sauƙi in da mun yi tambaya tun farko.

A fara duba wutsiyar suna

Kowane fayil yana da suna, bayan sunan akwai ɗigo, bayan ɗigon akwai ƴan haruffa, yawanci uku. Waɗannan haruffa su ne ke faɗin irin fayil ɗin, kamar yadda rubutun bakin atamfa ke faɗin masaƙar da ta fito. Kwamfutocin da ke aiki da Windows sukan ɓoye wannan wutsiya, saboda haka sai a ce ma mai kwamfuta ya bayyana ta.

JPG da PNG hotuna ne, kowace salula ta zamani tana buɗe su. PDF, wanda kamfanin Adobe na Amurka ya fito da shi a 1993, shi ma yana buɗuwa kusan ko'ina. CDR kuwa fayil ne na CorelDRAW, manhajar da wani kamfani na Kanada ya fara fitarwa a 1989, wadda masu buga kati da bandarol da yawa a garuruwanmu ke aiki da ita. AI na Illustrator ne, PSD na Photoshop, dukansu na Adobe. A fannin surfani kuma kowane gidan inji da nashi: DST na kamfanin Tajima na Japan, wanda mafi yawan manyan injunan sana'a ke karantawa, PES na Brother, JEF na Janome. EMB shi ne fayil ɗin da mai zane ke aiki a kai cikin manhajar Wilcom, ba shi ake ba inji ba, sai an juya shi zuwa irin da injin ya sani.

Daga nan akwai abu biyu da ya kamata a riƙe. Na farko, in salula ta ce ba ta iya buɗe fayil mai wutsiyar CDR ko DST, wannan bai nuna ya lalace ba, ita ce ba ta da manhajar buɗe shi, don haka kada a share shi cikin fushi. Na biyu, canza wutsiyar da hannu ba ya canza fayil. Wanda ya goge JPG ya rubuta DST, daidai yake da wanda ya rubuta Holan a bakin atamfa mai araha: sunan ya canza, yadin yana nan yadda yake. Juyawa ta gaskiya a cikin manhaja ake yin ta.

Hoto daban, ɗinki daban

Dalilin da ya sa mai inji ya mayar da mu ranar farko shi ne, fayil ɗin surfani ba kamannin zane yake ɗauke da shi ba, umurni yake ɗauke da shi. Yana gaya ma allura inda za ta soka, sau nawa, ta ina za ta bi, inda za a yanke zare da inda za a canza shi. Kafin hoto ya koma haka sai wani gwani ya zauna ya bi zanen da hannu a cikin manhaja, ya tsara hanyar allura tun daga farko har ƙarshe. Aiki ne mai zaman kanshi da ake biya daban, kuma yana ɗaukar lokaci. Shi ya sa ma ba a faɗaɗa fayil ɗin surfani ko a rage shi da yawa a jikin inji, domin yawanci adadin sukar allura ba ya canzawa: in an faɗaɗa, zare ya yi sako-sako har a ga yadi ta ƙasa, in an matse, zare ya cunkushe ya riƙa tsinkewa.

A wajen bugawa ma akwai irin wannan bambanci. Hoto tarin ƙananan ɗigo-ɗigo ne, in aka ja shi don ya cika bandarol mai mita 3 sai ya yi dishi-dishi, rubutu ya farfashe. Zanen da aka yi da layuka a CorelDRAW ko Illustrator kuwa ana iya faɗaɗa shi daga girman kwalin ashana har girman bango ba tare da ya ɓaci ba. Ga takardar da za a manna a jikin kaya, wadda mai saye zai riƙe a hannu ya karanta, masu ɗab'i sukan nemi hoto mai ɗigo 300 a kowane inci, wato a kowane santimita 2,54.

Tsohuwa ba ta karanta sabuwa

Matsalarmu ta rana ta biyu ita ce ta fi yawa a shaguna. Kamfanonin manhaja suna fitar da sabon samfuri lokaci-lokaci. CorelDRAW X3 ya fito a 2006, X7 a 2014, X8 a 2016, daga nan aka koma kiran su da shekarar fitowarsu. Ƙa'idar ita ce sabo yana buɗe aikin tsoho, amma tsoho ba ya buɗe aikin sabo. A ce mai sabulu ta sa ɗanta ɗalibi a Yamai ya zana mata tambari da sabon samfuri, ta kai ma mai bugawa a Tasawa wanda har yanzu X7 yake aiki da shi. Kwamfutar za ta ce ba ta gane fayil ɗin ba, ko ta ce ya lalace, alhali lafiyarshi lau.

Maganin yana hannun wanda ya yi zanen. Lokacin ajiyewa akwai wurin da ake zaɓar samfurin da ake so a ajiye da shi, sai ya zaɓi tsoho, aikin da ba ya cin minti ɗaya. Saboda haka tun kafin a fara zane a tambayi mai bugawa ko mai surfani sunan manhajarshi, da samfurinta, da irin fayil ɗin da injinshi ke ci, a rubuta a takarda, a ba mai zane. Matambayi ba ya ɓata. In kuwa ba a samu mai zanen ba, akwai manhajoji na kyauta irin su Inkscape da LibreOffice Draw da ke iya buɗe fayilolin CDR da yawa. Wani lokaci launi ko inuwa sukan goce, amma aƙalla za a ga abin da ke ciki.

Fayil ɗin da ya ji rauni a hanya

Wani lokaci irin fayil ɗin daidai ne, manhaja ma daidai ce, amma kayan ne ba su iso cikakku ba. WhatsApp yana matse duk hoton da aka aika a matsayin hoto don ya yi saurin tafiya, kuma abin da ya zube a wajen matsewa ba ya dawowa. Hanyar da ta dace ita ce a aika shi a matsayin takarda, ta wurin da aka rubuta Document, nan ne fayil ke tafiya yadda yake. Tun 2022 ana iya aika fayil har mai jiga 2 ta wannan hanya.

Sai kuma layi ya katse ana cikin saukewa. Ana gane wannan ta hanyar gwada nauyi: a tambayi wanda ya aiko nawa ne nauyin fayil ɗin a wajenshi, a duba na nan. In nashi mega 40 ne, namu mega 12, ko ma sifiri, to kayan ba su sauka duka ba, sai a sake. In wutsiyar fayil ZIP ce ko RAR, wannan ƙunshi ne, kamar dilar kaya da aka ɗaure, sai an kwance ta a kwamfuta a fito da abin da ke ciki. Injin surfani ba ya kwance ƙunshi da kanshi.

Ɗaukewar wuta ana cikin ajiye aiki, ko fizge kile kafin kwamfuta ta gama rubutu a ciki, su ma suna lalata fayil. In haka ta faru a CorelDRAW, kafin a fid da rai a duba dosiyen da fayil ɗin yake. Manhajar takan ajiye kwafin aikin yadda yake kafin ajiyewar ƙarshe, kuma a wadda ke aiki da turanci sunan kwafin yana farawa da Backup_of. Sau da yawa shi ke ceton aikin sati guda.

Laifin kile

Kile da ke yawo daga shagon fotokopi zuwa shagon saka waƙoƙi ba ya rasa kwaso cuta. Wadda aka fi sani ita ce birus ɗin nan da masu gyara ke kira rakursi. Alamarshi ita ce kowane fayil da kowane dosiye ya fito da ƴar kibiya a gefe, in an latsa ba ya buɗuwa yadda aka saba. Yawanci wannan birus ba ya share kaya, ɓoye su yake yi, ya aje na bogi a madadinsu. Don haka kada a yi ta latsa su, domin ta haka cutar ke shiga kwamfuta, kuma kada a yarda wani ya wanke kile ɗin baki ɗaya, abin da ake kira formate, kafin mai gyara ya kashe birus ya fito da abin da aka ɓoye.

Abin da ya same mu rana ta uku kuwa ba cuta ba ce. Kowane kile yana da tsarin da aka shirya cikinshi da shi. Injunan surfani da yawa, musamman tsofaffi, tsarin FAT32 suka sani, alhali kile da ya wuce jiga 32 yawanci da tsarin exFAT yake zuwa daga kamfani. Kwamfuta tana karanta duka biyun, inji kuwa ya ga babu kome. Ƙaramin kile ya fi dacewa da wannan aiki, kuma zai fi kyau a ware shi don inji kaɗai. In za a canza ma kile tsari, a fara kwashe abin da ke ciki, domin canzawar tana share kome.

Akwai wasu ƙananan dalilai da ke hana inji nuna zane. Wasu injuna ba sa duba ko'ina sai cikin dosiyen da su da kansu suka buɗe a kile. Wasu tsofaffi ba sa son dogon suna, ko suna mai ƙugiya da alamun faransanci, gara a sa gajere mai haruffa da lambobi kawai. In kuma zanen ya fi faɗin zoben da ake ɗame yadi a ciki, inji na iya ƙin nuna shi ko ƙin fara ɗinki.

Ya buɗe, amma ba shi ba ne

Wannan ita ce matsalar da ta fi cin kuɗi, domin inji ba ya yin gargaɗi, sai an gama bugawa ake gani. In mai zane ya yi amfani da wani salon rubutu da babu shi a kwamfutar mai bugawa, kwamfutar takan sa wani a madadinshi, layuka su goce, suna ya hau kan lambar waya. Mu masu rubutu da Hausa namu ya fi tsanani saboda haruffa masu ƙugiya: ɓ, ɗ, ƙ da ƴ. Salon rubutu da yawa ba su da su, sai a ga ɗan akwati ko alamar tambaya a gurbinsu. Mai sabulu ta rubuta sabulu mai ƙamshi, a buga mata takarda 2000 da akwati a wurin ƙ. Akwai salon rubutu na kyauta da ke da haruffanmu duka, irin su Charis SIL, da Andika, da Noto Sans. A tuna kuma ƙa'idar rubutun Hausa da aka tsayar a Nijar a 1999 tana amfani da ƴ, a Najeriya kuwa 'y ake rubutawa, saboda haka mai ba da aiki a Kano ko Katsina ya faɗi wanda yake so.

Maganin duk wannan shi ne mai zane ya mayar da rubutu ya zama zane kafin ya aiko, abin da a CorelDRAW ake yi da latsa Ctrl da Q. Daga nan rubutun ba ya canzawa a kowace kwamfuta. Amma ya aje kwafi ɗaya da bai mayar ba, domin ranar da za a gyara farashi ko lambar waya.

Launi ma yana yaudara. Allon salula da haske yake haɗa launi, daga ja da kore da shuɗi, injin ɗab'i kuwa da tawada huɗu: shuɗi mai haske, ja mai ruwan hoda, rawaya da baƙi. Shi ya sa koren da ke walƙiya a salula yakan fito a dushe a takarda. Fayil ɗin DST kuma ba ya ɗauke da launin zare ko kaɗan, inda za a canza zare kawai yake faɗi, mai inji ne ke zaɓar wane zare zai bi wane. Mu ma rana ta huɗu da aka gwada a wani ƙyalle, sai zaren ruwan zinari ya fito inda fari ya kamata ya kasance. Da a kan shadda aka fara, da riga guda ta tafi. Sai hoton nan na ranar farko ya yi amfani, da shi aka jera zaren daidai.

Wa zai ɗauki asara?

In aiki ya ɓaci, mai zane ya ce shi ya aiko daidai, mai inji ya ce abin da aka kawo mashi ya buga, asara ta faɗa kan mai kaya. Ana iya toshe wannan ƙofa tun wajen ciniki. A nemi abu uku daga mai zane: fayil ɗin da inji zai ci, wato PDF mai rubutun da aka mayar zane ko DST da makamantansu, da hoton JPG da ke nuna yadda aikin ya kamata ya fito da launukanshi, da kuma fayil ɗin asali da ake iya gyarawa. Wasu masu zane ba sa ba da na asali sai an ƙara kuɗi, kuma haƙƙinsu ne su nema, amma a yi maganar tun farko. Wanda ba ya da fayil ɗin asali na tambarinshi, duk ranar da mai zanen ya tashi daga gari ko kwamfutarshi ta mutu, sai ya sake biyan aiki daga tushe.

A ba da kafin alƙalami, a riƙe cikon kuɗi har sai fayil ya buɗe a injin da zai yi aikin, ba a salula ba. Kafin a buga da yawa a buga guda ɗaya, a karanta shi harafi-harafi, a sa wani ma ya karanta, a duba lambar waya. Kafin allura ta taɓa shadda a gwada a ƙyalle mai kama da ita. In samfurin ya yi, mai kaya da mai inji su sa hannu a bayanshi, kowa ya san abin da aka amince a kai. Bayan an gama aiki a aje fayilolin a wuri biyu, ɗaya a kile da ke gida, ɗaya a hannun wani amintacce ko a akwatin saƙon intanet.

Rigunanmu 12 sun fito ana saura kwana 2 ɗaurin aure, babu wadda ta ɓaci, amma mun sha zullumi da ba dole ba. Lokutan salla da na bukukuwa shagunan surfani da na ɗab'i sukan cika maƙil, wanda fayil ɗinshi ya ƙi buɗuwa sai ya koma bayan layi. Ba a fafe gora ranar tafiya, don haka mai aikin da ke da rana ya kai fayil ɗinshi a gwada shi tun da sauran sati 2 ko 3. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.